ZAMAN GIDA: Kusurwar Aiki a Ɗakin Haya

A wannan wata za mu yi magana a kan wurin da mutum ya ke zama ya yi aikin takarda a gidansa. Bari mu fara da faɗin laifin kanmu, gama jiki magayi.

Shekara uku da suka wuce, a ƙarshen zango na uku, muka dawo daga makaranta da takardun jarrabawar aji guda, yara arba'in da 'yan kai. Gidanmu ciki da falo ne a saman bene, a wata unguwa cikin Jos, mu shida. Tebur ɗaya ne tak, na tsakar falo. A kansa a ke cin tuwo, a kansa yara su ke aikin makaranta, a kansa kuma uwargida ta ke yankan yadi. Muka baza takardu, mun yi maki ya kai rabi, sai aka ɗauke wuta. Muka tashi neman tocila. Kafin mu dawo, auta ya shigo cikin duhu da kofin kunun tsamiya, ya yi karo da tebur. Takardu uku suka manne da juna, da muka zo rabawa suka yayyage.

Muka yi ta faɗa har maƙwabta suka ji, yaro ya kwana da kuka. Da gari ya waye uwargida ta ce cikin sanyin murya, "Malam, yaron nan teburin cin abincinsa ya zo ajiye kofi. Takardunka ne suka zo baƙunci." Muka rasa ta cewa. Ran Litinin muka tsaya gaban hedimasta da kunya, aka sake wa yara uku jarrabawa, su kuwa ba su ji ba, ba su gani ba. Tun daga ranar muka gane cewa rashin wurin aiki ya kan taɓa amanar da aka ba mutum, ya taɓa zaman lafiyar gidansa kuma.

Maganar nan ba ta malaman makaranta kaɗai ba ce. Akwai mai shago da ke lissafin ciniki da dare, akwai nas da ke karatun ƙarin girma, akwai uwar adashi da littafinta. Tun daga watan Maris na 2020 kuwa, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu da ofisoshi, matasa da yawa suna aiki daga ɗaki ta intanet. Dukanmu kusurwa ɗaya mu ke bukata.

SHAWARA TUKUNA

Masu karatun Littafi za su tuna da matar nan ta Shunem, cikin Sarakuna na Biyu sura 4, wadda ta shirya wa annabi Elisha ɗan ƙaramin ɗaki a bisa soro. Kaya huɗu ta sa a ciki: gado, da tebur, da kujera, da fitila. In aka ɗauke gado, sauran ukun har yau su ne kayan aikin mai takarda. Mu lura kuma, sai da ta shawarci mijinta kafin a aza tubali. Haka ya kamata mu yi. Maigida kada ya kwaso katako ya kafa a inda uwargida ta ke ajiye keken ɗinkinta, ya ce ai shi ne mai biyan haya. A zauna a yi magana, a yarda a kan wuri.

Shawara ta biyu da mai gidan haya ce. Kafin a buga ƙusa ko a huda bango a nemi izininsa. Mutane da yawa sun rabu da masu gidajensu baram-baram saboda ramuka huɗu a bango.

ZAƁEN WURI

A ari tef ɗin awo na tela a zaga ɗaki. Abin da a ke nema shi ne fili mai faɗin santimita 120 a jikin bango, da zurfin santimita 150 domin tebur da kujera su shiga. Watau bai kai girman tabarmar kwana ba. Sau da yawa wurin yana nan, tarkace ne suka cinye shi: kwalaye, da tsohuwar rediyo, da takalman da suka yi wa kowa kaɗan.

A ƙasarmu ta Arewa kowane bango da halinsa. Bangon yamma ya kan sha rana tun daga tsakar rana, da bazara kuwa yana fitar da zafi har tsakar dare. Tagar gabas ita ce ƙofar hadari, gama guguwar farkon damina daga gabas ta kan taso, ƙurar hunturu ma daga arewa maso gabas ta ke zuwa. Wanda ya sa teburinsa a gindin wannan taga, ran da ya manta bai rufe ba, zai tarar da littattafansa sun yi wanka. Mafi kyau taga ta kasance a gefen mai zama, a hagunsa in da dama ya ke rubutu, domin kada inuwar hannu ta faɗa bisa takarda. Bahago sai ya juya. Mai kwamfuta kada ya fuskanci taga, kada kuma ya ba ta baya, gama hasken zai kashe masa ido ko ya faɗa bisa gilashin. A kuma guji hanyar wucewa tsakanin ƙofa da kicin. Mu dai mun ga abin da ta jawo mana.

TEBUR

Teburin tsakar falo gajere ne, an yi shi domin ajiye faranti. Wanda ya sunkuya a kansa awa biyu, ƙugunsa zai ba shi labari. Teburin rubutu tsayinsa daga ƙasa santimita 72 zuwa 75 ne ga yawancin manya. Gwajin ba wuya: a zauna sosai, a saki kafaɗu, a tanƙwara hannu. In saman tebur ya yi daidai da gwiwar hannu, ya yi. Tsawon santimita 100 da faɗin 60 ya isa littafi buɗe, da rajista, da fitila. A ƙarƙashi a bar wa gwiwoyi fili, kada a cika shi da durowa.

Ba lalle sai an sayi na kanti ba. Faifan filawud da a ke sayarwa a Kasuwar Katako ta Jos, ko a sauran kasuwannin katako, ƙafa 8 ne da ƙafa 4, watau santimita 244 da 122. Rabinsa ya isa a fitar da saman tebur, ragowar kuma a tsaga biyu ta zama kanta biyu masu faɗin santimita 30. Gida biyu suna iya haɗa kuɗi su raba faifai ɗaya. A nemi mai kaurin milimita 18, gama siriri lanƙwashewa ya ke yi. Ƙafafu a yi su da busasshen katako. Ɗanye ya kan karkace da hunturu, tebur ya riƙa rawa. Masu walda irin na Panteka a Kaduna suna yin ƙafafun ƙarfe, waɗanda gara ba ta iya musu kome.

A rubuta wa kafinta awo a takarda, a riƙe kwafi. Namu kafintan da ya ga awon ya ce, "Malam, wannan ai ya yi ƙanƙanta ga babban mutum kamarka." Muka ce masa ɗakin ne ya yanke girman. Inda wuri ya ƙure ƙwarai, a yi tebur mai naɗewa a jikin bango da hinji, in an gama aiki a sauke shi.

KUJERA

A nan ne yawancinmu mu ke cutar kanmu. Mu kan zauna a bakin gado, ko a kujerar kushin mai nutsewa, ko a ta roba wadda ƙafafunta suka buɗe. Bayan shekara biyar sai mu fara yawon neman maganin ciwon baya. Kujerar aiki tsayin mazauninta santimita 42 zuwa 46 ne. Tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai, cinya ta miƙe daidai, a sami kamar yatsa biyu ko uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa. Majinginar ta tokare ƙugu. In ba ta yi ba, a naɗe tawul a sa a wurin. In kujera ta yi gajarta a ɗora matashi mai tauri, in ƙafa tana lilo a sa mata guntun katako. Duk wannan ba ya cin ko kwabo.

Ƙaramar kwamfuta ta ɗauka, wadda a ke kira laftof, tana da wani aibi: in allon rubutunta ya yi wa hannu daidai, gilashinta ya yi wa ido ƙasa, sai wuya ya riƙa sunkuyawa. Maganinsa a ɗora ta bisa manyan littattafai har saman gilashin ya zo daidai ido, nisansa kamar tsawon hannu, santimita 50 zuwa 70, sa'an nan a jona mata allon rubutu na dabam. Kada a ɗora ta bisa katifa ko matashi, gama kafofin shan iskarta a ƙasa su ke, in sun toshe zafi ya kan lalata ta.

Kome kyan kujera, jiki ba ya son dogon zama. Bayan kowane rabin awa a miƙe, a taka, a sha ruwa.

FITILA

Ƙwan da ke rataye a tsakiyar ɗaki yana bayan mai rubutu, saboda haka kansa ne ya ke tare masa haske. Ana bukatar fitilar tebur mai wuya mai lanƙwasa, a ajiye ta a hagu, haskenta bisa takarda, ba cikin ido ba. Da yawa cikinmu da fitilar ƙwai ko aci-balbal muka yi karatu, muna kuwa alfahari da haka. Amma gaskiya ita ce hasken fitilar kananzir bai kai kashi ɗaya cikin goma na ƙaramin ƙwan zamani ba, ga hayaƙi, ga hatsarin gobara kusa da takarda.

Ƙwan zamanin nan, da a ke kira LED, ya samu ne ta aikin waɗansu masana uku haifaffun Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda aka ba kyautar Nobel a 2014. A duba jikin kwali, za a ga adadi biyu: wat shi ne cin wuta, lumen shi ne yawan haske. Ƙwai mai wat 9 yana ba da lumen kamar 800, daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. Bari mu yi lissafin aji huɗu. Yunit ɗaya na mita shi ne wat 1,000 na awa guda. Tsohon ƙwai, awa 4 kowane dare har kwana 30, zai ci yunit 7 da ɗan ɗori. Sabon zai ci yunit 1 da ɗan kaɗan. Wanda zai saya, ya nemi fitila mai caji, wadda za ta ci gaba da haske in an ɗauke wuta. Da muna da ita a daren nan, da kunun auta ya shiga cikinsa lafiya.

Likitocin ido suna ba masu kwamfuta shawara: kowane minti 20 a ɗaga kai a dubi abu mai nisan mita 6 har daƙiƙa 20. Mu da muka haura arba'in kuma, in mun ga muna nisanta takarda kafin mu karanta, girma ne ya zo, ba abin kunya ba ne. A je a gwada ido, kada a tsaya ga tabarau na bakin hanya kawai, gama gwajin ya kan tona cututtukan da ba su da zafi. Akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da sassan ido a manyan asibitoci.

WUTAR LANTARKI

Wannan sashe muna roƙo a karanta shi sau biyu. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, soket mai baki uku kuwa an yi shi domin amfiya 13, watau kusan wat 3,000 ke nan iyakarsa. Amma doguwar wayar nan mai bakuna da yawa, ekistenshan, in ta araha ce, zaren cikinta siriri ne, ba ta iya ɗaukar ko kusa da haka. Kayan kusurwar aiki ba su da nauyi: laftof wat 65 ko ƙasa, fanka kamar 50, fitila 9, cajar waya kamar 20. Duka ba su kai 200 ba. Dutsen guga kuwa ya kan haura 1,000, butar lantarki kusan 2,000. Waɗannan kada a taɓa jona su a wayar tebur. A riƙa taɓa fulogi. In ya yi ɗumi ko yana warin ƙonewar roba, a cire, a kira mai gyara. Kada a cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana, kada a ɗaure fis da ya ƙone da waya, kada a bi da waya ƙarƙashin kafet. In an ɗauke wuta, ko hadari ya taso da tsawa, a zare kwamfuta, gama wuta ta kan dawo da ƙarfi.

Janareto kuwa waje ne wurinsa. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iskar guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, ta kan kashe mutane cikin barci. Mun sha jin iyali guda sun kwanta ba su tashi ba. Kada a kunna shi a ɗaki, ko a lungu, ko a baranda gindin taga, ko da ana ruwa, ko da ana tsoron ɓarayi. Masana lafiya sun ce a nisanta shi mita 6 daga ƙofa da taga.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kunna janareto domin ƙwai ɗaya da laftof ya zama asara. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe wat 1,200 na awa guda, amma in irin mai ruwa ne rabi kaɗai ya kamata a ci, domin ya daɗe. Rabin nan zai riƙe laftof da fitila da fanka wajen awa 4. Faifan sola mai wat 150 zai mayar da abin da aka ci a yini ɗaya mai rana. A ajiye batir inda iska ke shiga, nesa da wuta da hannun yara. Wanda bai kai nan ba tukuna, fitila mai caji ta ishe shi farawa.

TAKARDU DA MAGABTANSU

Takarda tana da magabta biyar a gidajenmu: gara, da kyankyaso, da ɓera, da danshi, da ƙura. Saboda haka kome ya tashi daga ƙasa. Da damina a janye tebur kamar taƙi ɗaya daga bango, da hunturu a rufe kwamfuta da ƙyalle. Kada a ci abinci a kusurwar, gama ɓurɓushi ne ke gayyatar baƙin dare. Takarda kuma nauyi gare ta. Rim guda na A4, ganye 500, kilo biyu da rabi ne. Don haka maƙalan kanta su yi ƙarfi, kada a kafa ta bisa inda yaro ke kwana. Tsakanin kanta da kanta a bar santimita 35 domin fayil ya tsaya.

A raba takardu kashi uku: aikin da ke jira, aikin da aka gama, da na ajiya. Na ajiya su ne satifiket, da takardun haihuwa, da na aure, da na fili, da rasit ɗin haya. A sa su cikin jakar leda, a kulle a akwatin ƙarfe bisa tubali. Kada a yi gaggawar manne asalin satifiket da roba mai zafi, gama ba ta ɓantaruwa, waɗansu ofisoshi kuma ba su karɓa. A ɗauki hoton kowace a aika wa kai ta imel, uwargida kuma ta san inda makulli ya ke. Takardun mutane da aka ba mu amana, kamar makin yara ko littafin adashi, su ma a kulle su.

DOKAR KUSURWA

A gidanmu teburin ba na mutum ɗaya ba ne. Da safe uwargida ta kan yi lissafin ɗinkinta, daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yara ne, bayan cin abinci da addu'ar iyali sai ya zama namu. Doka uku ce: ba kofi, ba faranti, kowa ya tashi ya bar tebur a share. Akwai ta huɗu, wadda uwargida ta kafa domin mu: ƙarfe goma a kashe fitila. Ta yi gaskiya. Uban da yara ba su gani sai ƙeyarsa, ko yana cikin ɗaki bai dawo gida ba tukuna.

DA WANNE ZA A FARA?

Kada kowa ya ci bashi saboda wannan. Mu wata bakwai muka yi muna haɗawa. A fara da abin da ba ya cin kuɗi: share wuri, da gyaran zama, da raba takardu. Albashi na fari a sayi fitila da waya mai kyau. Na biyu a je wurin kafinta, kanta ta biyo baya, batir da sola su zo ƙarshe. Sannu ba ta hana zuwa. A wajen waya da batir dai kada a bi araha.

Auta yanzu yana aji uku. Shi ne mai tsaron dokar kofi, ranar nan ma mu ya kama da shayi a hannu, muka ba da haƙuri. Muna so mu ji daga gare ku, musamman masu ɗaki ɗaya, yadda kuka yi da naku wurin. A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba yadda za a taimaki yara da aikin makaranta ba tare da an yi musu shi ba. Ku huta lafiya.